Wai Da Gaske Tafiyar Ƙafa Za Ta Iya Cika Batirin Waya? Fashin Baƙi Kan Wutar Da Ake Tatsa Daga Motsin Jiki

Shin mutum zai iya sa takalmi ya yi ta zirga-zirgarshi cikin gari, kafin ya dawo gida wayarshi ta cika? Wagga tambaya ta daɗe tana yawo a majalisu da guruf-guruf na WhatsApp nan Sakkwato, musamman duk sadda anka turo irin bidiyon nan da za ka ga an jona waya da takalmi, mutum yana takawa caji yana hawa. Wasu su ce ƙarya ce tsagwaronta, haɗin kwamfuta ne kawai, wasu kuma su ce ai an daɗe da gano abin, masu kamfanonin batir ne ke danne shi don kada kasuwarsu ta mutu. Ba abin mamaki ba ne maganar ta kama mutane haka, don tun da anka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin caji a shago ya tashi tare da kuɗin man janareta, ga kuma duhun da Arewa ta shiga a watan Oktoban 2024 lokacin da manyan layukan da ke kawo muna wuta sunka samu matsala, kowa ya gani da idonshi cewa in waya ta mutu to ba tiransifa, ba POS, ba kiran ɗan'uwa in wani abu ya taso da dare.

Duka ɓangarorin biyu akwai inda sunka kauce. Ilimin gaskiya ne, ba sihiri ba ne kuma ba sabo ba ne, amma babu wanda ya danne shi. Abin da ya hana shi shiga kasuwa yawan wutar da ake samu ne, kuma wanga lissafi shi ne masu bidiyo ba su taɓa nunawa.

Mi ake nufi da wat, kuma nawa waya ke ci?

Sai an gane abu biyu kafin maganar ta zauna. Akwai yawan wutar da batir ke ɗauka, akwai kuma saurin da take shiga. Ka ɗauki batir kamar duro, caja kuma bakin famfo: famfon da ke ɗiga ma zai cika duro, amma yaushe? Saurin zubar shi ake aunawa da wat, cikin duron kuma da wat-awa, wato wat ɗaya yana zuba har tsawon awa ɗaya.

Wayoyin da sunka fi yawa hannun mutanenmu, su Tecno da Infinix da Itel, galibi za ka ga an rubuta 5000mAh a jikin kwalinsu. In ka yi lissafin wannan zai ba ka kimanin wat-awa 19. Ƙaramar waya mai madanni da tocila kuwa, irin mai batirin Nokia na da, ba ta wuce wat-awa 4 ba. Cajar bango ta gama-gari tana ba da wat 10 ko 18, shi ya sa cikin awa biyu ka ga babbar waya ta cika.

To jikin ɗan Adam fa? Abincin da babban mutum ke ci a yini, in anka raba shi a kan awa 24, yana kai kusan wat 100 ba tsayawa. Ka ga kenan ƙarfin na nan, ya ninka na caja sau da yawa. Sai dai mafi yawanshi zafi yake zama ya fita ta fata da zufa da numfashi, ko tsoka ma in tana aiki kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na abin da ta ƙone ne kawai ke zama motsi. Daga cikin wanga motsin ne kuma ake son a tsakuro wani abu ba tare da mutum ya ji a jikinshi ba.

Yadda motsi ke zama wuta

Hanya mafi tsufa ita ce wadda duk wanda ya tashi da keke mai fitila ya sani. Wancan ɗan dinamo mai kama da kwalba da ake jinginawa a gefen taya, kanshi na gogar roba yana ƙara in kana gudu, fitila ta yi haske in ka taka da ƙarfi, ta dushe in ka sassauta, ta mutu gaba ɗaya in ka tsaya a mararraba. Cikinshi ba komai sai maganaɗisu da ke juyawa kusa da koyil na wayar tagulla. Michael Faraday ne ya gano wanga sirri a Ingila a 1831, kuma har gobe shi ne ke aiki cikin janareta da ke bayan gidanka da manyan injinan Kainji da Shiroro. Dinamon keke na yau da kullum wat 3 yake bayarwa.

Hanya ta biyu ita ce ta cikin takalman bidiyon, ana ce mata fiyezo. Akwai wasu irin duwatsu da tangaran da in anka matse su ko anka buge su sai su saki wuta, wasu 'yan'uwa biyu Faransawa, Pierre da Jacques Curie, sunka gano haka a 1880. Kana da shi a gida ba ka sani ba: laitar kunna gas ɗin nan da kake dannawa ta yi ƙas, tartsatsi ya fito ba tare da batir ba, wata 'yar guduma ce a ciki ke bugun irin wanga abu. Kuma nan ruɗin yake. Tartsatsin yana da ƙarfin tsalle sosai, har zai iya ba ka ɗan shokin, amma yawan wutar da ke cikinshi kaɗan ne ƙwarai kuma cikin ƙiftawar ido ta wuce. Shi ya sa mai bidiyo zai jona mita ya nuna maka lamba tana tsalle, ko ya kunna 'yan ƙananan ƙwayaye su yi wal, kai kuma ka ɗauka an gama magana. Ita waya ba wal take so ba, abin da zai zuba ba yankewa na tsawon awanni take so.

Ta uku kuwa mu 'yan Sakkwato ba mu buƙatar a yi muna dogon bayani. Lokacin hunturu, wajen Disamba da Janairu, in iska ta bushe ƙarau, ka cire rigar sanyi cikin duhu ka ji tana ƙas-ƙas har ka ga ɗan haske, ko ka taɓa ƙofar mota ta ɗan cije ka a yatsa. Gogayyar abu biyu ce ke tara wuta a jikinsu. A 2012 wani masani ɗan asalin ƙasar Sin da ke jami'ar Georgia Tech a Amurka, Zhong Lin Wang, shi da ɗalibanshi sunka fito da hanyar tara irin wagga wuta da siraran ledoji da za a iya sakawa cikin tufa ko tafin takalmi. Yawancin labaran "rigar da ke cajin waya" da kuke gani daga wanga reshe suke fitowa. Ita ma matsalarta irin ta fiyezo ce, ga shi kuma danshi na rage mata ƙarfi, mutum kuwa in yana tafiya cikin zafinmu dole ya yi zufa.

Akwai kuma masu tatsar zafin jiki maimakon motsi, har kamfanin Seiko ya taɓa yin agogo mai aiki da haka a 1998. Sai dai dabarar tana aiki ne in fata ta fi iskar waje zafi. A garin da watan Afrilu ke wuce digiri 40 alhali fatar mutum ba ta kai haka ba, wanga ba namu ba ne.

Lissafin da ba a sawa cikin bidiyo

Tsakanin 1998 da 2001 masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka sun saka fiyezo cikin takalmi sun auna da kyau. Abin da dunduniya ta ba su bai wuce kashi 8 cikin 1000 na wat ɗaya ba. Raba wat-awa 19 da wannan ka gani: sama da awa 2,300. Wato sai mutum ya yi fiye da wata uku yana tafiya dare da rana ba zama ba barci kafin takalmi ɗaya ya cika waya sau ɗaya, alhali ita wayar ko a aljihu take tana cin abin da ya fi haka. An samu ci gaba tun daga lokacin, ba a musu, amma tazarar da ke tsakanin abin da ake samu da abin da ake buƙata ba 'yar ƙarama ba ce da za a ce gyara kaɗan ya rage.

Waɗanda sunka samu wuta mai ɗan kauri sun bar fiyezo ne sun koma ma dinamo. A 2005 Larry Rome na jami'ar Pennsylvania ya ƙera jakar goyo wadda kayan cikinta ke hawa da sauka in mutum na tafiya, motsin yana juya ɗan janareta, ya samu har wat 7 da 'yan kai. Amma fa da kaya mai nauyin kilo 38 a baya. A 2008 kuma Max Donelan na jami'ar Simon Fraser a Kanada ya fito da wani ƙarfe da ake ɗaurawa a gwiwa yana ba da kusan wat 5, nauyin kowane ɗaya ya haura kilo ɗaya da rabi. Da wat 5 za ka cika babbar waya cikin awa huɗu zuwa biyar na tafiya, ka ga wannan magana ce da hankali zai ɗauka. Sai dai wa zai ɗaura ƙarfe a gwiwa ƙarƙashin kaftani ya tafi kasuwa? Shi ya sa sojoji ne sunka fi nuna sha'awar irin waɗanga kaya, su da dama suna ɗauke da batira masu nauyi zuwa daji inda babu soket.

Banza ba ta kai zomo kasuwa

Wani kuskure da nake yawan ji shi ne cewa wutar kyauta ce tunda dama tafiyar za ka yi. A'a. Ƙa'ida ce tabbatacciya a kimiyya cewa ƙarfi ba ya fitowa daga babu, juya shi kawai ake yi daga wata siffa zuwa wata. Duk wat ɗin da ya shiga waya daga jikinka ya fita, daga tuwon da ka ci. In tafin takalmi yana lotsawa don ya ba da wuta to kowane taku sai ka ƙara ƙarfi kafin ka ɗaga ƙafa, ko mai keke ya san taka feda na ƙara nauyi da zarar ya jingina dinamo.

Wayon da Donelan ya yi shi ne ya lura cewa a kowane taku akwai lokacin da tsokar cinya ke aikin birki, tana tsayar da ƙafar da ta wurgo gaba kafin ta sauka ƙasa. Sai ya sa na'urar ta riƙa kamawa a daidai wanga lokaci kaɗai, ta taya tsoka birkin ta kuma samu wuta, don haka gajiyar da take ƙara ma mutum ba ta da yawa. A ganina nan ne ainihin basirar fannin take, neman ƙarfin da jiki ke zubarwa dama, ba ɗora mishi sabon aiki ba.

Wannan ya sa ba na jin daɗin shawarar da wasu ke kawowa cewa a maƙala dinamo a kurar 'yan ga-ruwa ko baron masu dako tunda wuni suke suna turawa. Bawan Allah da ke tura jarkoki cike da ruwa cikin rana tsaka a Mabera ko Arkilla, ƙarfinshi ya riga ya ƙare a kan abin da zai ci. Duk wanda zai kawo dabara ya fara tambayar jikin wa za a tatsa.

An gwada a Afirka, har a Najeriya

A ƙarshen 2015 kamfanin Shell tare da mawaƙi Akon sun buɗe wani filin ƙwallo a Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Akoka a Legas, an shimfiɗa tayil na kamfanin Pavegen na Ingila ƙarƙashin ciyawar, 'yan wasa na gudu tayil na tara wuta don fitilun dare. Labarin ya zagaya duniya. Abin da ba a cika faɗi ba shi ne an haɗa filin da farantan sola. Kowane taku a kan irin wanga tayil jul kaɗan yake bayarwa, wajen 3 (jul ɗaya shi ne wat ɗaya yana zuba na daƙiƙa ɗaya), alhali batirin babbar waya na ɗaukar kusan jul 70,000. Taku sama da 20,000 kenan don waya ɗaya tak, sai ka auna da kanka tsakanin ƙafa da rana wa ke ɗauke da nauyin fitilun fili.

Akwai kuma Jessica Matthews, 'yar asalin Najeriya da ta tashi a Amurka, wadda tun tana ɗaliba a Harvard a 2008 ita da abokan karatunta sunka ƙirƙiro ƙwallon Soccket. A buga ta rabin awa ta kunna 'yar fitila na wasu awanni, har shugaba Obama ya buga ta a Tanzaniya a 2013. Niyya mai kyau ce, yara su yi wasa da yamma su yi karatu da dare. Amma rahotanni daga inda anka raba ta sun nuna da yawa sun lalace cikin ɗan lokaci, abin da ake shura da ƙafa kuma akwai inji a cikinshi ba ya daɗewa, kuma kuɗin ƙwallo ɗaya zai sayi fitilun sola fiye da ɗaya. Daga baya an daina yin ta.

Wanda ya yi nasara ta gaske shi ne mafi sauƙinsu. Trevor Baylis, wani Bature ɗan Ingila, ya ƙera rediyon da ake murɗawa da hannu maimakon sa mata batir a farkon shekarun 1990 bayan ya ga shiri kan yadda rashin batir ke hana mutanen karkara a Afirka jin faɗakarwa kan cutar ƙanjamau, anka riƙa ƙera ta a Afirka ta Kudu. Ta karɓu saboda rediyo ba ta cin wuta da yawa, kuma mai ita ya san aiki zai yi da hannunshi ya samu labarai, ba a yi mishi alkawarin banza ba. Nokia ma a 2010 ta fitar da cajar keke a Kenya, dinamo ne da ɗan akwatin daidaita wuta, kuma ta yi daidai da ƙananan wayoyin wancan zamani. Wayoyin ne sunka girma sunka bar ta a baya.

To ina amfanin abin yake?

Masu suka na cewa duk wanga bincike ɓata kuɗi ne, talla ce kawai kamfanoni ke yi da shi. A kan maganar cajin babbar waya suna da hujja. Amma sun manta ba waya kaɗai ke buƙatar wuta ba. Agogon hannu abin da yake ci bai wuce 'yan kashi cikin miliyan na wat ba, shi ya sa a 1988 Seiko ya fara sayar da agogon da kaɗa hannu kawai ke caja shi, kuma yana aiki lafiya lau. Haka ƙananan na'urorin auna bugun zuciya ko ƙirga taku, da maɓallan kunna fitila marasa waya da danna su kaɗai ke ba su wutar aika saƙo.

Inda ni na fi sa rai shi ne asibiti. Na'urar da ake dasa ma masu ciwon zuciya don daidaita bugunta da batir take aiki, in ya ƙare bayan wasu shekaru sai an sake yi ma mutum aiki an canza ta. Masu bincike sun riga sun gwada a jikin dabbobi cewa bugun zuciyar da kanshi zai iya ba na'urar wuta. Ga mara lafiyar da sai ya sayar da gona ko dabbobi kafin ya kai kanshi babban asibiti, rage mishi tiyata ɗaya ba ƙaramin abu ba ne.

Mu nan Sakkwato mi ya kamace mu?

Allah ya hore muna rana irin wadda ƙasashen da ke wanga bincike ba su da ita, yankinmu na cikin waɗanda sunka fi ko'ina samun hasken rana a Najeriya, kuma ba banza ba anka kafa cibiyar binciken makamashi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ɗan farantin sola mai wat 10 da za ka ɗora kan rufin kwano ko ka rataya a jikin rumfa zai cika babbar waya cikin awa uku zuwa huɗu na rana mai kyau, ba gumi ba gajiya, illa ka riƙa share mishi ƙura lokacin hunturu. Makiyayi da ke wuni yana tafiya, wanda shi ne za a ce takalmin caji ya fi dacewa da shi, faranti ɗan ƙarami a kan jakarshi ya fi mishi takalmin nesa ba kusa ba. Shiga shagon caji a unguwa ka gani, allon katako cike da soket, kowace waya an manna mata 'yar takarda mai lamba, yaro na zaune yana karɓar kuɗi yana miƙa kati. Irin waɗanga shaguna da dama sun fara ajiye janareta suna komawa sola da batir, don su lissafin riba suke yi ba kallon bidiyo ba.

Duk da haka ban ce a watsar da ƙarfin jiki ba, wurinshi ne daban: dare, kwanakin hazo mai kauri, da lokacin larura. Kuma wanda ke aiki shi ne na juyawa, feda ko hannu, ba na taku ba. Mutum mai lafiya in ya zauna kan keken da anka kafe aka haɗa da janareta zai iya ba da wat 50 ko fi na ɗan lokaci mai tsawo, wannan ya isa cajin wayoyi da yawa a tare. Tela mai keken ɗinki na ƙafa dama wuni yake yana juya babbar ƙafar keken nan da bel, ɗan dinamo mai wat 3 a gefenta zai iya cika ƙaramar waya cikin kamar awa biyu na ɗinki, ko ya kunna mishi 'yar fitila a kan allura. Manomin da ke zuwa gona da keke daga ƙauye haka. Waɗanga abubuwa ne da ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha da masu rewayin na cikin gari za su iya haɗawa da kayan da ke kasuwa, kuma in ya lalace akwai mai gyara kusa.

Sai dai a kiyaye abu ɗaya, don na san akwai matasan da za su karanta wannan su tafi su gwada. Kada ka jona waya kai tsaye da dinamo. Wutar da yake fitarwa mai kai da komo ce, tana hawa da sauka daidai da saurin ƙafarka, ita kuwa waya bolt 5 tsayayye take so. Dole a sa abin da zai miƙar da wutar da kuma abin da zai daidaita ta, in ba haka ba sai ka ƙone wurin cajin wayar ka kai ma mai gyara kuɗin da ya fi na cajin wata da watanni. Abin da ya fi shi ne dinamo ya cika fawa bank tukuna, sannan fawa bank ya ba waya. In kuma wani ya tallata maka takalmi ko riga ko abin hannu mai caji a intanet, tambaye shi wat nawa yake bayarwa in ana tafiya ta yau da kullum, sai ka raba 19 da lambar da ya faɗa, abin da ya fito shi ne awannin da za ka yi kana tafiya kafin wayarka ta cika.